Saura Minti Nawa?

Asabar ɗin ƙarshen wata ce ranar zubin adashinmu, kuma wannan karon gidan Yaya Hajiya aka haɗu. Mu biyar ne, duk matan da zama ya kawo jihar Maryland, wasu da aure, wasu da karatu, ita Yaya Hajiya da duka biyun. An gama lissafi, an ci tuwon shinkafa da miyar kukar da aka ɗauko tun daga Kano a ƙasan akwati, yara sun haye sama da wayoyinsu. Lokacin kwance ɗankwali da miƙe ƙafa ya yi. Nan Maman Iman ta matso da kujerarta, ta rage murya kamar mai neman rance.

"Maman Abba, don Allah tsakaninmu. Baban Iman ya yi wa yara alkawarin Orlando wannan hutun, ni kuwa tun da na ga kuɗin tikiti nake kwana da lissafi. An ce ke sau biyu kika je. An kuma ce zuwa na biyu waya ce ta yi miki jagora. Gaskiya ne ko ƙari aka yi?"

Na ce gaskiya ne, amma sai an bar ni na fara da zuwan farko, wanda har yau ban ba kowa labarinsa ba saboda kunya.

A hutun bazarar 2023 ne. Lokacin kowa na ɗokin waɗannan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya su amsa kamar mutum. Ni ma na sauke wata, ba zan kama suna ba, na ce ta tsara mana yini guda a Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney da ke wajen Orlando. Wallahi ta tsara, tsaf, awa bayan awa, har da inda za mu tsaya mu sha ruwa. Na buga a takarda na sa a jaka ina jin kaina. Abu na farko a tsarin shi ne mu nufi Splash Mountain, wani kwalekwale da ke hawa dutse ya sulmiyo cikin ruwa, wai da safe layinsa bai wuce minti ashirin ba. Kwana uku ina yi wa yara tallarsa. Muka keta rana muka isa, sai ga katangar katako an zagaye wurin, ma'aikata na ta aiki a ciki. Ashe tun watan Janairun shekarar aka rufe shi, ana mayar da shi wani abu daban, wanda sai a Yunin 2024 aka buɗe da sunan Tiana's Bayou Adventure. Masu wurin sun sanar tun tuni, duniya ta sani, ni da manhajata ne kaɗai ba mu da labari. Ta kuma ce mu yanki FastPass kyauta mu tsallake layi, alhali an soke wannan tsarin tun 2021, an kawo na biya. Baban Abba bai ce komai ba. Kallon takardar kawai ya yi, ya kalle ni, ya ce, "Malamar taki ta kwana biyu ba ta zo garin ba."

Anti Amarya ta yi dariya har da dukan cinya. Yaya Hajiya ta ce, "Ai ni tun farko na faɗa muku abin nan maƙaryaci ne."

Na ce a'a Yaya, ba ƙarya ya yi niyya ba, kuma nan ne na daɗe ban gane ba. Ki ɗauka wani malami ne da ya haddace littattafan duniya, sai aka rufe shi a ɗaki ba taga, ba rediyo. Duk abin da kika tambaye shi zai amsa, da kyakkyawan lafazi ma, amma daga abin da ya sani ranar da aka ja ƙofa. Aibinsa ɗaya: ba ya son cewa "ban sani ba". Ki tambaye shi farashin tumatir yau, zai ba ki na shekarar da aka kulle shi, ko ya ƙiyasta, fuskarsa ko gezau. A tarihi ko girki wannan ba ya cutarwa sosai. Amma wurin lilo abu ne da ke sauyawa kafin ki gama ɗaura wa yaro takalmi.

Ku duba girman abin. Walt Disney World, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971, filinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 100, da manyan wuraren wasa huɗu a ciki. Magic Kingdom kaɗai mutum fiye da miliyan 17 suka shige shi a 2023, babu wurin wasa a duniya da ya kai shi jama'a. Tikitin yini ɗaya a can ya haura dala 100 tun 2015. To ki lissafa mu biyar, ki raba da awannin da ƙafa za ta iya ɗauka. Duk awa ɗaya da kika tsaya a layin da bai kamata ba, kuɗi ne kika tsaya a kai suna narkewa. Kuma layin ba na wasa ba ne: ranar da Universal, wani kamfanin wuraren wasa daban, suka buɗe lilon babur na Hagrid a Yunin 2019, an ba da rahoton mutane sun jira har wajen awa 10.

"Awa goma!" in ji Maman Iman. "Ko layin mai na gida ai ya san da haka."

Na ce riƙe maganar layin man nan, za mu dawo kanta.

Zuwa na biyu a 2025 ne, bayan Universal sun buɗe sabon wurinsu, Epic Universe, ranar 22 ga Mayu. Na rantse ba ni ba manhaja. Abba, da yake yanzu kwamfuta yake karanta, ya zauna kusa da ni a kicin ina gyaran alayyahu, ya ce, "Umma, malamin naki an yi masa taga. An ma ba shi ɗan aike."

Yadda ya fassara mini shi ne haka. Wuraren wasan suna nuna tsawon layin kowane lilo a manhajarsu da kuma allon bakin ƙofa. To akwai wasu masu son abin, ba ma'aikatan kamfanonin ba, da suka gina shafuka suna tattara waɗannan lambobin daga wurare da dama na duniya, suna ajiye su yadda kowace kwamfuta za ta iya zuwa ta ɗauka kyauta. Ya ambaci biyu, ThemeParks.wiki da Queue-Times. Na biyun duk minti biyar yake sabunta nasa. Abin da ake samu ba wani dogon zance ba ne: sunan lilo, minti nawa ne layinsa, yana aiki ko ya tsaya ko an rufe ko ana gyara, da lokacin da aka ɗauki bayanin. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, don shi ne ya kusa sake kunyata ni.

Sauran aiki shi ne haɗa malamin da tagar. Na ce masa ni fa ban gane ba, sai ya ɗauki cajar wayata ya ce, "Kin tuna lokacin da kowace waya da irin bakin cajarta? Nokia mai siririn baki daban, Samsung daban, in kin je gidan mutane sai an yi ta bincike a durowa?" Ya ce haka haɗa waɗannan manhajoji da bayanan waje yake a da, kowanne sai an ƙera masa nasa bakin. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida da ake kira MCP, ya bar ta a buɗe kowa ya yi amfani da ita, a Maris ɗin 2025 kuma OpenAI, masu ChatGPT, suka karɓe ta. Baki ɗaya ke nan ga caja da yawa. Shi Abba ɗan ƙaramin shiri ya rubuta a dare biyu, wanda ke gaya wa mataimakin, wato malamin namu na waya: ga aike uku da za ka iya yi, ka tambayo layi, ka tambayo lokacin buɗewa da rufewa, ka tambayo jadawalin wasanni. In na yi tambaya, mataimakin da kansa yake gane cewa wannan ba ta cikin haddarsa, sai ya tura aike, lambobi su dawo, sannan ya ba ni amsa da bakin mutane.

Yaya Hajiya ta gyara zama. "To in dai lambobin suna cikin manhajar masu wurin, me ya hana ki duba da idonki? Sai an sa miki ɗan tsakiya?"

Tambayar mai hankali ce, kuma ni ma na yi wa Abba ita. Amsar ban same ta ba sai da muka shiga. Yaya, lambar ba ta da wuyar gani. Abin da ke da wuya shi ne ki riƙe lamba arba'in a ka, rana na dukan ki, jaka a kafaɗa, Auta na jan mayafinki tana son fitsari, Ummi na kumbura don ba a je nata ba, maigida kuma ya tsaya yana karanta taswira a juye. A nan ne abin ya yi mini rana. Tun a masauki na gaya masa halinmu: mu biyar ne, Auta tsawonta santimita 110, Baban Abba ba ya hawa abin da ke juya mutum ƙasa ya koma sama, ni gwiwata ba ta son doguwar tafiya, kuma muna son mu tsaya sallar azahar da la'asar. Daga nan duk amsar da zai ba ni sai ta bi ta wannan rariyar.

Maganar tsawon nan ba ƙarama ba ce. Space Mountain sai yaro ya kai santimita 112, TRON kuwa 122. A bakin kowane irin wannan lilo akwai sanda mai gwaji, ma'aikaci ya tsayar da yaro a ƙarƙashinta, in kai bai taɓa ba, ba roƙo ba magiya. Na ga wani yaro ya yi ɗage har jijiyar wuyansa ta fito, ma'aikaciyar ta durƙusa tana murmushi ta ce ya sauke dugadugansa, ya sauke, saura kaurin yatsa. Kukan da ya fasa har yanzu ina jin sa. Auta da santimita biyu ta gaza, amma ba ta ma san da lilon ba, don mataimakin bai taɓa ambata mana shi ba sai lokacin da ita da babanta suka tafi shan askirim.

Sai kuma hadari. Bazarar Florida damina ce sosai: safiya rana tsaf, da la'asar gari ya haɗe, tsawa kamar za ta tsaga ƙasa. Da walƙiya ta kusanto suke tsayar da lilon da ke fili. Muna tafe zuwa wani jirgi mai gudu a kan dogo, na tambaya don tabbatarwa, sai ya ce wancan ya tsaya, haka ma wasu uku na waje, ga alama saboda yanayi ne, amma ga wani na cikin gini kusa da mu layinsa minti 15, mu hanzarta kafin jama'a su juyo. Muka shige. Muna cikin sanyi muna jin ruwa na dukan rufi. Da muka fito allon ƙofar ya koma 50. Ranar Baban Abba ya ce, "Wannan malamar tana gari."

Anti Amarya ta ce, "Shi ke nan, ni ma a sa mini."

Na ce tsaya tukuna, ban zo wurin da nake so ku ji ba, kuma wannan ba a rubuta shi a talla.

Lambar da ke kan allon nan, wadda ɗan aiken ke ɗaukowa, ba awon ma'auni ba ce, ƙiyasi ne. Na ga yadda ake yin wani ɓangarensa da idona. Muna shiga wani layi, ma'aikaci ya miƙa wa Ummi wani jan kati mai igiya, ya ce ta rataya, in ta kai wurin hawa ta ba wanda ke can. Ta ɗauka kyauta ta ci, ta riƙe shi da hannu biyu har muka isa. Ashe agogo ne: an latsa shi a farkon layi, an latsa a ƙarshe, an san minti nawa ta yi. Amma ku lura, wannan labarin wanda ya riga ya fita ne, ba na wanda ke shiga yanzu ba. Sannan masu wurin sukan ɗora wani abu a kai. Akwai masu bibiyar wannan da gaske, irin su TouringPlans na Len Testa, waɗanda suka shafe shekaru suna gwada abin da allo ya ce da abin da mutane suka jira a zahiri, kuma abin da aka saba gani shi ne allon ya fi faɗin sama da gaskiya. Dalilin a fili yake. A ce miki awa ɗaya ki fita a minti arba'in, kina murna. A ce miki rabin awa ki yi arba'in ɗin nan dai, kina tsaki. Tun 1985 wani masani, David Maister, ya yi rubutu a kan halin ɗan Adam a layi, inda ya nuna jiran da ba a san iyakarsa ba ya fi wanda aka sani tsawo a zuciya.

Yaya Hajiya ta ce, "Wato ɗan kamasho ne aka juya. Na tasha ya ce miki saura mutum ɗaya mota ta tashi alhali saura bakwai, su kuma su ce saura bakwai alhali saura huɗu."

Wallahi Yaya kin fi Abba iya bayani. Har da wasa ma suke sa wa a ciki: a Tower of Terror da Haunted Mansion, in kika ga allo ya ce minti 13, ba sha uku ake nufi ba, ana nufin kusan babu layi, lambar tsoro ce kawai irin ta Turawa. Mataimakin da bai san wannan ba zai ɗauke ta da gaske. Shi fa abin da aka miƙo masa ta taga yake karantawa. In an miƙo ƙiyasi, ƙiyasi zai ba ki, sai dai ya sa masa riga mai kyau, kuma rigar ce ke ruɗar mutum.

Ga inda na kusa sake faɗawa. Rana ta biyu da yamma, cunkoso ya yi yawa, sabis ɗin wayata ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Na tambayi layin wani lilo da Ummi ta ƙwallafa wa rai, ya ce minti 20. Muka tsallaka wurin tun daga wannan kusurwa zuwa waccan, gwiwata na ƙara, muka tarar da 65. Na juya na kalli Abba irin kallon da babansa ya yi mini a 2023. Ya karɓi wayar ya duba, sai ya ga aiken ƙarshe bai je ba, malamin kuwa maimakon ya ce ɗan aike bai dawo ba, sai ya ɗauki amsar da ya samu kusan awa guda da ta wuce ya sake miƙo mini ita da ɗuminta na ƙarya. Tsohon halin nan dai. A tsaye a wurin, jingine da wata bishiya, Abba ya ƙara masa umarni: duk lambar da zai faɗa sai ya faɗi ƙarfe nawa aka ɗauke ta, in kuma aike bai dawo ba ya ce bai dawo ba. Daga ranar amsarsa ta koma irin: "Minti 30 ne, kamar yadda aka gani minti huɗu da suka wuce." Sau biyu ma ya ce mini bai samu ba, mu duba allo. Kun san Allah, sai da ya fara cewa bai sani ba na fara yarda da shi.

Yanzu layin man da na ce a riƙe. Kun tuna lokacin wahalar mai a gida, a ce wani gidan mai a hanyar Zariya yana bayarwa kuma ba kowa? Kafin ki juya mota ki isa, duk wanda ya ji abin da kika ji ya riga ki. Haka nan ma. Lambar da ta faɗo ƙasa kira ce, dubban wayoyi suna ganin ta lokaci ɗaya. Yau mu ƙalilan ne ke da ɗan aike mai saurin lissafi, shi ya sa muke cin riba. Ranar da kowa ya samu, kuma duk daga taga ɗaya suke leƙe, ni ina ganin gajeren layi zai zama kamar inuwar gajimare, kina isa ta matsa. Abba ya ce sai dai a koya wa mataimakin ya riƙa lissafa tafiyar ƙafa da kuma yadda layin ya saba hawa da sauka a wannan awar, ya ce miki, kar ki bi wancan mai nisa, na kusa da ke zai sauko in an fara fareti. Wannan kuwa mun gwada, lokacin da jama'a suka jeru bakin titi kallon fareti da wasan wuta na dare, layuka da yawa sun yi sauƙi.

Yaya Hajiya ba ta gama ba. "To shi wannan abin da kika gaya wa tsawon 'yarki da ciwon gwiwarki, ina yake kai labarin?"

Na ce ni dai iyakata na sa. Ban ba shi sunayen yara ba, ban ba shi lambar kati ba. Abba ya so ya gwada haɗa shi da sayen izinin tsallake layi, wanda suke kira Lightning Lane, na ce a'a, ɗan aike ya je ya gano ya dawo, amma lalita tana hannuna. Wanda ya taɓa tura ni katangar katako ba zan miƙa masa jakata ba tukuna. Su ma shafukan da ake ɗebo lambobin, tunda ba na kamfanonin ba ne, ranar da wani wurin wasa ya sauya tsarin manhajarsa tagar na iya rufewa sai an gyara. Don haka manhajar masu wurin tana wayata ita ma, allon ƙofa kuma shi ne alƙali.

Akwai kuma abin da babu shi a kowace taga. Da azahar ta yi, ya faɗa mini lokaci daidai, amma da na tambayi inda za mu shimfiɗa sallaya, ya ce wannan ba ya cikin bayanan da yake samu, mu tambayi ma'aikata. Wata dattijuwa mai furfura a ofishin baƙi ce ta fito da kanta ta nuna mana wani lungu mai inuwa bayan gini, ta ce ba mai damun mu a nan. Muka yi sallarmu ana jin ihun masu lilo daga nesa.

Anti Amarya ta ce yayanta da ke Kano duk shekara Dubai yake kai iyalinsa, ko wannan zai yi masa amfani. Na ce ya sa a duba masa ko wurin da za su yana cikin jerin shafukan, don ba kowane wuri ke fitar da lambobinsa ba. Na ƙara mata da cewa a Mayun 2025 Disney sun sanar za a gina nasu a tsibirin Yas na Abu Dhabi, inda Ferrari World yake tun 2010, don haka nan gaba ba sai an sha wahalar bizar Amurka ba.

Maman Iman dai tuni ta zaro wayarta daga jaka. Ta leƙa matakala ta ƙwala kira, "Abba! Zo ɗan albarka, zo ka sa wa Antinka ɗan aiken nan." Ya sauko yana sosa ƙeya, ya gaishe da kowa, ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Anti, cajinki saura huɗu." Yaya Hajiya ta tura Iman ta ɗauko caja a ɗakinta. Aka kawo, Abba ya juya bakin sama, ya juya shi ƙasa, ya ce wannan ta tsohuwar waya ce, ba za ta shiga ba. Yaya Hajiya ta miƙe da kanta tana gyara zani, ta ce akwai wasu a durowar kicin, a zo a taya ta nema.